Kada Ka Ɗauke wa Kokwamba Ruwa

Yaya Gado,

Na tarar ka koma barci, motar Jega kuwa ba ta jira.

Da na leƙa garka bayan asuba, na ga wata farar saƙa ta lulluɓe kokwambar layin gabas. Ba ta gizo ba ce. Na juya ganyen, sai ga jajayen ƙwari ƙanana kamar garin barkono suna motsi. Haka kokwambar Balarabe ta fara bara a Sabiyal, ka kuma ga yadda garkarshi ta ƙone kamar an sa mata wuta.

Jiya ka ce za ka ɗauke mata ruwa yadda muke yi wa albasa in ta ƙosa. Don Allah kada ka yi. Abin da Balarabe ya yi ke nan, ashe bushewa ƙwarin suke so. Ka watsa ruwa da ƙarfi ta ƙarƙashin ganye. Wanda saƙar ta rufe ka tsinke, ka ƙone nesa. Inna ta jiƙa ganyen dogon yaro da sabulu, shina bayan rumbu, ka yayyafa da la'asar.

Zan nemo malamin gona a Jega. In saƙar ta kai layin bakin rijiya, ka tuge na gabas duka, kada ka jira ni.

Baba bai sani ba. Shi ya ce mu tsaya ga albasarmu, ni na nace sai mun shuka kokwamba. Ka bar min, ni zan gaya mishi.

Junaidu