Fayil ɗin da babu komai a ciki

Laraba da dare, ga ruwa yana sauka

Na taɓa jin wai manhajojin cikin kwamfuta suna magana da junansu, har da mabuɗin haɗuwa. Na ɗauka tatsuniyar 'yan boko ce.

Yau injinmu na aikin wuya, mai aiki da kwamfuta, ya tsaya cak, ga babbar rigar Alhaji Tanko an kai rabi, kuma jibi zai sa ta ɗaurin auren ɗansa. Ashe Sani abokin ɗinkina ne ya ga wani fayil a kwamfutar babu komai a ciki, ya share. Da injin ya yi shiru sai ya ƙirƙiri wani mai sunan, ya yi mirsisi.

Ngozi mai gyara ta zo daga Farin Gada, ta duba, ta yi dariya. Ta ce, "Baba, manhajar zane da manhajar tura allura daga fayil ɗin nan suke cire lambar mabuɗi. Ba suna suke bi ba, mazauninsa suke bi. Yanzu ɗaya na riƙe da tsohon mabuɗi, ɗaya da sabo."

Na ce, "Wato ɗaya na jira a tsohuwar tasha, ɗaya a sabuwa."

Ta kashe su duka, ta tada su tare. Allura ta ɗora daga inda ta tsaya. Sani dai sai kallon rufi.

Gobe rigar za ta kammalu in Allah ya yarda. Zancen nan malamai da yawa sun yi mini shi a shago ina gyaɗa kai kawai. Yau na yarda, don Ngozi ce ta faɗa, allura kuma ta ba da shaida.