Lambar Binta da Aka Goge da Lemun Tsami

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Ni ce Hurera. Na san takarda ba ta isa inda kike, amma a gidan nan babu wanda zan iya gaya wa wannan magana.

Na dawo hutu daga makarantarmu ta Katsina, na tarar agana ta shiga garin Zakka. A nan Wagini mata ba sa kiran sunanta a bakin rijiya, sai dai su ce baƙuwar nan ta matso.

Ran kasuwar Batsari aka yi shela. Hukuma ta hana wanzamai tsagar agana, irin wadda Baba ya gada, a ɗebo ruwan ƙurjin mai ciwo a shafa a tsagar hannun mai lafiya. Duk wanzamin da ke son ci gaba da aiki sai ya je Katsina a koya masa lamba, wato rigakafi irin na asibiti, a ba shi izini. Wanda aka kama yana tsaga kuwa, gidan yari. An riga an wuce da wani tsohon wanzami daga wajen Safana da igiya a ƙugu, dogari na rataye da zabirarsa.

Da Baba ya ji, ko kai bai ɗaga ba. Cewa ya yi, "Ni da na cire wa rabin garin nan beli, yaron da bai iya riƙon aska ba za shi koya mani aiki?"

Kullum zaurenmu cike yake. Jiya Gwaggo Mairo, maƙwabciyarmu, ta zo da jikokinta tana cewa, "Kai ka yi masu askin suna, ubanka ya yi wa ubansu. In ka ƙi su yau, wa za mu kai mawa?" Kin san Baba ba ya iya juya wa gidajen da ya gada baya.

Inna, a makaranta an koya mana cewa tsagar nan ciwon ne da kansa ake sa wa yaro. Wani ya tashi, wani ba ya tashi, kuma wanda ya tashin ma yana iya shafa wa na kusa da shi. Lamba ba ta yin haka. Na tsuguna gaban Baba don in faɗa masa. Ya ce, "Mi ne ne, 'yar boko?" Sai na ji bakina ya ce ruwan alwala na kawo masa.

Ba wannan ne ya fi damuna ba. Binta ce, autarki.

Kin tuna shekarar da masu lamba suka zo, kafin ki kwanta ciwon ajali? Kin kai ta aka yi mata, don dagaci na tsaye. Muna dawowa kika ja ta bayan rumbu, kika yanka lemun tsami kika dinga goge wurin tana kuka. Kika ce, "Maganin Nasara ba shi kwana a jikin ɗiyar wanzami." Duk matan unguwa haka suka yi, kuma don ƙauna kuka yi. Yau da nake yi mata wanka na duba damtsenta. Sumul yake, ko tabo babu. Hukuma na ganin an gama yi wa yaran Wagini lamba. Baba ya san ba haka ba ne.

Ya ce ran Juma'a, in an sauko daga masallaci, za a kawo masa ruwan ƙurji daga Zakka. Da Binta zai fara, don kada a ce ya tsaga 'ya'yan mutane ya ɓoye tasa. Ita kuwa murna take, don ya yi mata alkawarin alewa.

Masu lamba suna Batsari yanzu. Gobe zan ce za mu gai da Kawu a can, in tafi da ita. Sai dai duba-garin da ke tare da masu lamba zai tambaye ni ɗiyar wa ce, kuma me ya sa hannunta ba tabo. Kin san ban iya ƙarya ba, ko na fara idona ke tona ni. In na amsa, ina tsoron igiyar nan ta biyo mu har zaure. In na zauna gida, Juma'a na tafe.

Innata, da kina nan da na ɓuya bayan zanenki, ki yi magana a madadina kamar yadda kika saba. Yanzu haka ina jin ƙarar askar Baba a kan dutsen washi, Binta na zaune kusa da shi tana riƙe masa ƙoƙon ruwa.

Zan kai ta. Ki yafe mini, wannan karon ba zan goge ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya tsare Binta, Ya rufa wa Baba asiri, Ya kawar mana da baƙuwar nan. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki,
Hurera