Sunana a Gefen Littafinka

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ladabi, ina rubuto maka daga Greensboro, nan ƙasar Amurka, wata huɗu da zuwan wayar rasuwarka.

Ni ce 'yarka ta fari, kuma har ka koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinka ba. Daga "ke" sai "yarinyar nan". Na san kunya ce irin ta al'ada, amma ina ji kana kiran ƙannena ɗaya bayan ɗaya, abin yana ci min rai.

Ran da zan taho karatu, a filin jirgin Kano, Inna tana ta kuka, kai kuwa tsohon littafinka ka miƙo min, wasan kwaikwayon Turawan nan da ka shekara ashirin kana koyarwa. Ka ce, "Turancin mutanen da ne, a bi shi kalma-kalma." Sallamar ke nan. Don haushi na jefa shi ƙasan akwati, shekara uku ban buɗe ba. Wasiƙuna ma Inna nake aika wa, kai sai gaisuwa a layin ƙarshe.

Makon jiya farfesarmu ta ba mu wannan wasan da ka koyar, ta ce mu fito da ma'anar tsofaffin kalmominsa. Turancin ya gagare ni, ƙamus ma bai cece ni ba. Bayan la'asar, motoci na ta ruri a titin Wendover, na zazzage akwatin.

Kowace kalma mai wuya ka ja mata layi, ka rubuta Hausarta a gefe da ƙananan haruffanka. Har dariya na yi, na ce Malam ya yi min aikin gida.

Sai na kai inda tsohon sarkin da ke cikin wasan yake neman gafarar 'yarsa. Nan kuma babu fassara. Duk inda aka buga sunan 'yar, ka rubuta sunana, Rakiya, a gefensa da fensir. Innalillahi! Na juya shafi, Rakiya. Na sake juyawa, Rakiya. Na zauna a ƙasa cikin tarkacen akwatin, na ci gaba da juya shafukan.

Ashe shekara uku kana kirana daga ƙasan akwati, ni kuwa ina can ina fushi. Da na bi shi yadda ka ce, da wasiƙar nan ta same ka da rai.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka. Ni kuma Ya yafe min, Ya haɗa mu a inda zan ji sunan nan da muryarka.

Na'am, Baba. Na amsa.

'Yarka,
Rakiya