Faranti na Biyar a Gidan su Merel

Anti Wilma, don Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta har ƙarshe ko da zan gundure ki. Ni ba na iya magana da baki, sai a rubuce. Shekaruna goma sha shida, kuma ina jin na fara zama muguwa.

Shekara biyu ke nan da muka bar Amsterdam muka koma Lelystad. A can wani ɗan tsukukun gida muke haya a hawa na uku, gadona a bayan kabad. A nan kuwa mun sami gida sukutum namu na kanmu, da ɗan lambu, da ɗakina ni kaɗai. Baba ya ce mun tsinci dami a kala. Abin da bai faɗa ba shi ne aikinsa da na Mama ba su taso tare da mu ba. Tun da duku-duku suke hawa keke zuwa tashar jirgin ƙasa, ba sa dawowa sai gari ya yi duhu, in ma jirgin bai makara ba ke nan. Mama ta shigo, ta cire takalmi, ta tambaya ko na ci abin da ta bar mini, shi ke nan hira ta ƙare. Kusan duk layinmu haka yake. Da rana ba ka ganin kowa sai kuliyoyi.

Gidan da ke fuskantar namu na su Merel ne, ajinmu ɗaya. Ita ta fara yi mini magana, ranar da sarƙar kekena ta zame ina tsaye kamar zan yi kuka. Tun daga nan tare muke tafiya makaranta, tare muke dawowa, mu zarce gidansu. Babanta a nan garin yake aiki, mamanta kuma aikin safe take yi a gidan kula da tsofaffi, da azahar ta dawo. Ginin gidansu da namu iri ɗaya ne sak, har matakalar, amma nasu ƙamshin albasa yake yi, namu kuwa ba ya ƙamshin komai.

Maman Merel tana da kirki, ban ce ba ta da shi ba. Takan ba mu shayi da biskit. Amma da ƙarfe shida ta gabato sai ta leƙo ta ce mini za su ci abinci, sai gobe. Na san ba kora ba ce, haka kowa ke yi, ko Mama haka take yi wa ƙawayena a da. Sai in ɗau jakata in tsallaka titi, in ɗumama nawa, in zauna da littafi a cinya. Kin kuma san mu da barin labule a buɗe. Daga falonmu ina hango teburinsu tarwai, su huɗu har da ƙanwarta, tururi na tashi. Har na haddace yadda babanta yake yin ɗan rami a tsakiyar kirɓaɓɓen dankalinsa ya cika shi da romo. Ba na kunna fitila, kada su ga ina kallo.

To, sai maganar Wessel. A gabana yake zama a darasin tarihi. Ban taɓa ce masa komai ba ban da ranar da na ara masa biro, amma a cikin kaina mun yi soyayya, mun ɓata, ya biyo ni tashar jirgi cikin ruwan sama ya ba ni haƙuri, kamar dai a littattafan da nake karantawa. Ko Merel ban gaya wa ba.

Sai malami ya haɗa shi da Merel aiki su biyu. Ranar Talatar da ta wuce ya zo gidan, ina nan. Da lokaci ya yi maman Merel ta leƙo ta ce mini, "Sai gobe ko, 'yar albarka?" Na miƙe ina jan jiki, ina jira shi ma ya miƙe mu fita tare, har na shirya abin da zan ce masa a ƙofa. Bai motsa ba. Sai na ji tana tambayarsa ko yana cin kabeji.

Anti, daga falonmu na ga an kwashe rigunan da ake jibgewa a kan kujerar gindin matakala, aka jawo ta teburi, aka ajiye faranti na biyar. Ashe akwai faranti na biyar a gidan nan. Shekara biyu ina shiga ina fita, shi kuwa zuwansa ɗaya!

Tun ranar na daina jiran Merel da safe, ta ƙofar baya nake fita. Dariyarta haushi take ba ni, gashinta haushi yake ba ni, har fata nake su faɗi aikin. Ta turo mini saƙo wai, "Ke sarauniyar shiru, littafi ne ya haɗiye ki ko laifi na yi?" Ban amsa ba. Na san duk saboda Wessel ne, ta ƙwace mini shi ba tare da ta ko wahala ba, yadda komai yake zuwar mata. Kakata ta ce in ina so in koma wurinta Amsterdam in ƙarasa makaranta a can. Ina ganin gara in tafi in bar musu layin. Ko ya kika gani?

Mai Zaman Duhu, Lelystad

'Yata Mai Zaman Duhu,

Ke ba muguwa ba ce, kaɗaici ne ya ci ki. Amma ba zan yarda da ke a kan Wessel ba. Sau biyu na karanta wasiƙarki. Ba ki gaya mini ko dogo ne ko gajere ba, amma kin gaya mini ramin da ke cikin dankalin baban Merel da inda ake ajiye kujera. Ban ce ba kya son yaron ba. Sai dai abin da ya ƙona ki ranar Talata ba zamansa kusa da Merel ba ne, zamansa ne a wurin da kika daɗe kina kwaɗayi. Ita kuwa Merel ba ta ci amanar sirrin da ba ki ba ta ba, kuma aikin makaranta ba baiko ba ne.

Yanzu maman Merel. Kin san halinmu, sai mun ƙirga dankali da kawunan mutane kafin mu ɗora tukunya. Ina kyautata zaton tun kwanaki kafin ranar Merel ta gaya mata aikin zai ja lokaci, aka sa da shi a cefane. An tambayar masa ne, ke kuwa ba wanda ya taɓa tambayar miki. Ba zan wanke ta tas ba, mace mai ido ya kamata ta lura da lokacin da kekunan iyayenki ke dawowa. Amma me take gani in ta dubi gidanku? Duhu. Wataƙila ma ta lura, tana gudun kada gayyata ta zama kamar ta ce mamanki ta gaza. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, maƙwabci sai an gaya masa.

Iyayenki ma haka. Da zaman jirgi suke biyan ɗakin nan naki, sun kuma ɗauka kina jin daɗinsa. Ki same su ranar Asabar, ba a bakin ƙofa suna cire takalmi ba, ki gaya musu abin da kika gaya mini. Ko ɗayansu ya riƙa dawowa da wuri sau ɗaya a mako, ko ki ɗan taɓa wani abu da yamma ki jira ku ci tare. Ba doka ba ce sai ƙarfe shida.

Tayin kakarki ba zai gudu ba. Ki bar shi sai zuciyarki ta huce, don tafiyar fushi ba ta cika yin kyau ba.

Abin da ba zai jira ba shi ne saƙon Merel. Ki amsa mata yau. Tunda kin fi iya rubutu, rubuta mata: "Ba ki yi laifi ba. Kullum ni kaɗai nake cin abinci, kuma ya ishe ni. Ko zan iya ci da ku ranar Alhamis?" Zai yi miki nauyi, na sani, matambayi dai ba ya ɓata. Yarinyar da kika guje wa mako guda amma ta biyo ki da zolaya ba ta neman rabuwa da ke. Sai dai ki sani, ƙawance yana jure faɗa, amma ba ya daɗewa yana jure shiru.

Ina miki fatan alheri da ƙarfin zuciya.

Anti Wilma