Barmo ya tafi binne

Ollelewa, 3 ga Satumba 1979

Zuwa ga ɗana Alhassan, ma'aikacin allurar dabbobi a Belbeji. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, tsufa ne.

Buba, mahaifin Balki, ya zo jiya. Yana so alƙalin Tanut ya raba aurenta da Barmo, alƙali kuma ya ce sai ya ji daga bakina, ni uban miji. Buba ya ce mini, "Malam Dodo, shekara biyar ƴata tana auren takalmin da ya bari a bakin ƙofa." Ban ji haushi ba. Amma ka sani ita kaɗai ta rage mini a gidan nan, ita ke dama mini kunu.

Kana makaranta lokacin da ya ɓace, a bazarar da ta biyo babban fari. Ya ɗauki sungumi da jakar iri, ya ce wa Balki, "Zan je binne." Kowane manomi ya san nufinsa: shuka a busasshiyar ƙasa, iri ya jira ruwa. Ta kai masa fura gona, ba ta tarar da rami ko ɗaya ba. Da muka sanar da jandarma, tafintansu ɗan birni ya fassara cewa jana'iza ya tafi. Suka bi ƙauyuka suna tambayar wa ya rasu, har iska ta share sawunsa.

Kai kana shiga daji. Ka ƙara tambaya mini sau ɗaya kafin in amsa wa alƙali.

Kawunka, Dodo

Belbeji, 24 ga Satumba 1979

Kawu, ina gaisuwa da girmamawa. Allah ya ƙara lafiya.

Na tambaya. Arewa da Tenhiya wani makiyayi, Hamma, ya ce in bar mota in biyo shi. Muka hau tudun rairayi, sai ga gero a cikin kwari, ya yi kai, inda ko ciyawa da ƙyar take fitowa. Na ce, "Gonar wa?" Ya yi dariya ya ce, "Likita, kai da ka yi boko ka gaya mini."

Babu bukka, babu toka, babu rijiya kusa. Hamma ya ce kowace damina gonar takan fito a wani kwari, gaba da na bara, kuma ba su taɓa ganin mai shukar ba. Ba sa barin shanunsu su shiga. Mai jin yunwa ya karya kai biyu ya wuce.

Kawu, na bi layin da ƙafata. Tsakanin gindi da gindi, taki ɗaya dogo, ɗaya gajere, har ƙarshen gonar. Haka Barmo yake shuka tun da kurkunu ya lalata masa ƙafar hagu. Na zauna a ƙasa. Na kira sunansa, tsuntsaye kawai suka tashi.

Ga zangarniya ɗaya a cikin ƙyalle. Ban san abin da zan ce ka faɗa wa alƙali ba. Ka gaida Balki.

Ɗanka, Alhassan

Ollelewa, 8 ga Oktoba 1979

Alhassan, Allah ya yi maka albarka.

Geron da ka aiko irin gidanmu ne, gajeren kai mai kauri. Na sa a hannun Balki, na karanta mata wasiƙarka. A raina na yi zaton za ta ci gaba da jiransa. Ta juya shi, ta shinshina, ta ce, "Baba, in yana da ƙafar zuwa can, yana da ta zuwa nan. Bai zo ba."

Na gaya wa alƙali ban san ko ɗana yana raye ba, sanin yana wurin Allah, amma a sallami yarinyar. Ta tafi ranar Laraba, bayan ta cika mini randa.

In motarku za ta koma Tenhiya kafin geron ya bushe, ka roƙa mini wuri, ko a baya ne. Ba ni da nauyi yanzu. Tudun kuwa, sai dai ka goya ni.

Ka huta lafiya.

Kawunka, Dodo