Kishina da Mazauna Ƙarafa

Zuwa ga Hajiya Fatna, farin watan da ke tsaye bisa Nilu, ruwan randa a tsakiyar zafin Masar, furen lemo mai isar da ƙamshi kafin a gan shi. Karɓi sallamar tsoho mai ciwon gwiwa da ciwon zuciya, wanda na biyun ya fi hana shi sakat.

Ranar Alhamis na leƙa ta tagar ɗakina a nan Hadayik al-Ma'adi, sai na hango ki kin nufi tashar jirgin ƙasa cikin baƙi tun daga kai har ƙafa. Na ɗauka rasuwa aka yi! Ke da na sani da tobi, lafayar nan tamu, ruwan ƙwai, ke da ko takabar mijinki Ishaƙ cikin fari kika yi ta, yadda matanmu na Sudan suke yi? Na dogara sanda har ƙofar gidanku don in yi ta'aziyya. Mai gadi ya yi ta dariya, ya ce ma'alish, wato ba komai, ba wanda ya rasu, jikarki Shahd ce ta ja ki cikin ƙawayenta.

Daga baya na ji labarinsu. Wai 'yan gos ake ce musu: baƙaƙen kaya, kwalli har gefen kunne, leɓe ma baƙi, kiɗansu kamar ana makoki. Ba abin da ke burge su sai tsofaffin gine-gine da gidajen tarihi da maƙabartu. Ba na zaginsu, an ce yara ne masu ladabi. Amma ya hasken idona, wa ya fara ɗaga miki kai ki dubi gini a garin nan? Kin manta yinin da na kai ki masallacin Ibn Tulun? Kika hau hasumiyar nan mai matakala a nannaɗe kamar dodon koɗi, ni ina zaune a ƙasa saboda gwiwa. Kika kaɗa mini gefen tobinki daga sama, tattabaru suka tashi, na rantse rana biyu na gani a sararin Alƙahira. Da kika sauko na faɗa miki ina son ki zama matata. Kika ce in bari ki yi tunani. Dabino ya nuna, an girbe, ya sake nuna, kina nan kina tunani.

Yanzu kin zame mini inuwar giginya, na nesa ka sha ki. An ce kin je gidan tarihi na Fusɗaɗ, kin daɗe tsaye gaban busasshiyar gawar wani Fir'auna, har kika yaba hancinsa. Haba Fatna! Ni ma ai na bushe, hancina kuma yana nan bai faɗi ba. Me ya fi ni da shi, in ba akwatin gilashi ba?

Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ke cin raina shi ne Ƙarafa, birnin matattu, inda kuke zuwa kowane mako. Na yarda kubbar Ƙaitbai abin kallo ce, an zane dutsenta kamar lalle a hannun amarya. Yara suna ɗaukar hotonta, ke kuma ina kike zamewa? Ni kika ɗauka ban san wanda ke kwance a bayan bangon da ke kusa da kubbar ba? Da kafaɗata na ɗauki makarar Ishaƙ. Aminina ne, Allah Ya haskaka kabarinsa, ban taɓa tashi daga salla ban yi masa addu'a ba. Amma wallahi kishi nake yi da shi, kishi mai zafi kamar garwashin turaren wuta. Yaya zan yi takara da mutumin da ba ya tari, ba ya mantuwa, ba ya ƙara tsufa? Shi kullum yana nan yadda kika bar shi a zuciyarki, ni kuwa kowace safiya sai wani abu ya ragu a jikina.

Ina roƙon ki, ya zumar ƙwaryata, ki zo ranar Juma'a bayan la'asar. Ki taho da Shahd da baƙin leɓenta, tunda kango take so, ga kango nan mai tsagaggen bango yana numfashi. Zan dafa shayi da na'ana'a, ko da hannuna zai zubar da rabi. Ki ba ni amsa, i ko a'a, kowacce ce zan karɓa da hannu biyu.

In kuwa sai mazauna kabari zuciyarki ke so, to ki ƙara haƙuri kaɗan, likita ya ce ina kan hanya. Sai dai na fi son ki ziyarce ni tun ina iya amsa sallamarki.

Naki a bisa ƙasa, naki a ƙarƙashinta, wanda ba zai kalli wata ba har a naɗe shi,

Hadi