Ƙarfen amalanken baban Hadiza

Lahadi, bayan isha'i

Barci ya ƙiya. Na yi ta juyi bisa tabarma har matata Hadiza ta tambaye ni ko kunama ce.

Da hantsi babanta ya kawo amalankensa, sandar ƙarfen da ke riƙe tayoyin ta tsage. Kaurinta ya kusa damtsena. Tun ina koyon walda a Yamai na san irin wannan ƙarfe sai an gasa shi ya ɗau zafi tukuna, in ba haka ba ɗinkin ya huce da sauri ya tsage ta ciki, inda ido bai kaiwa. Gas ya ƙare, sai gawayi da zuga-zugi. Ina jawo buhun gawayin sai Idi mai shayi ya ɗaga murya: "Jama'a, ku zo ku gani, injiniya ya koma maƙeri." Ranar kasuwa ce, rumfa cike. Na ture buhun da ƙafa, na ce wuri nike gyarawa, na ɗinke ƙarfen da sanyinsa. Ɗinkin ya hito kamar zanen ƙwarya. Ni da ke yi wa mutane wayo, yau mai shayi ya juya ni.

Tsohon ya shafa wurin ya ce, "Allah shi yi albarka, ɗana. Gobe hatsi za ni ɗaukowa daga Bonkuku, jikokina bisa dammunan."

Jikokin nan ɗiyana ne, su biyu.

Gobe da asuba, kafin ya ɗaura wa shanu amalanken, ina ƙofar gidansa. In kankare ɗinkin in sake, gawayin kuma gaban teburin Idi zan hura shi.